Ƙaurin Roba Ba Ya Ƙarya

Lokacin hunturu ne, na je gaida yayata a wani gari na ƙasar Bebeji. Bayan la'asar ɗanta ya ja ni ɗakinsa na zaure, wai lallai sai na ga abin da ya haɗa. Yaron yana karatun kwamfuta a jami'ar da ke Wudil, kuma tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo kusa da shi a dawo a tarar da ita da murfi. Na shiga na ga kwamfutocin tebur guda takwas, duk na gwanjo, ya cire musu murafu ya jera su a kan kantar katako hawa biyu. Shuɗayen wayoyin sadarwa sun fito daga bayan kowacce sun taru a wani ɗan akwati mai ƙyafta fitilu. Ɗaya ce ke rarraba aiki, bakwai suna yi.

"Kawu," in ji shi, "aikin da guda ɗaya za ta kwana a kai, waɗannan kafin a kira isha'i sun gama."

Na yaba masa, kuma har zuciyata yabon ya kai. Sai dai hancina ya riga idona aiki. Akwai wani ɗan ƙauri a ɗakin, siriri, irin na silifas ɗin da aka manta kusa da murhu. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin kantar. Soket ɗaya ne a bango. An soka masa jona mai baki huɗu, a bakinta na ƙarshe an soka wata jonar, a bakin waccan kuma an soka ta uku. Na kai hannu kan filogin da ke bango, ban san lokacin da na janye ba. Robar ta yi laushi, gefen ƙafa ɗaya ya yi launin ƙasa-ƙasa kamar ƙosan da ya daɗe a mai.

Na ce masa, "Wa ya yi maka wannan?"

Ya ce shi ya jona, amma wayar da ta taho daga cikin gida wani mai haɗin wuta ne ya ja masa. Da na bi ta, sai na tarar layin nan ɗaya ne da na firizar da uwarsa ke daskarar da zoɓo da ƙanƙara. Tsakanin kantar da katifarsa bai kai taku biyu ba, kuma tagar ɗakin an yi mata ƙarfen hana ɓarawo.

"Ai wata uku ke nan tana yi, Kawu. Ba abin da ya faru."

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami. "Ai tana yi" ta zama hujjar da ake kafawa daga Kwanar Ɗangora har Riruwai, kuma ita za ta ƙone mana dukiya, in ba a yi wasa ba har da 'ya'ya.

Kada wani ya ɗauka ina sukar haɗa garken kwamfuta. Dabara ce mai daraja, kuma asalinta ma neman sauƙi ne. A 1994 wasu masana biyu a cibiyar Goddard ta hukumar NASA a Amurka, Thomas Sterling da Donald Becker, suka haɗa kwamfutocin kasuwa guda 16 suka sa su aiki kamar babbar na'ura ɗaya, don kuɗin babbar ya fi ƙarfin aljihun aikinsu. Suka raɗa wa abin suna Beowulf. Daga nan dabarar ta bazu har ta iso zauren yayata. Yaron da ya iya wannan a ƙauye, da kayan da ya tsinto a Beirut Road, abin alfahari ne. Amma waɗancan masanan a ginin da aka lissafa wutarsa suka jera nasu. Mu mun ɗauko rabin ilimin, rabin da ke kan tebur, mun bar rabin da ke cikin bango.

Kuma ba ɗalibai kaɗai ba ne. Tun da JAMB ta mayar da jarabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, kowane gari mai makarantar sakandare ya samu wanda ya buɗe ɗakin koyar da yara danna linzami da amsa tambayoyin gwaji. Da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar a 2025 cewa WAEC da NECO su ma can za su nufa, sai harkar ta ƙara kasuwa. Cibiyar da JAMB ke amincewa da ita sai ta tanadi kwamfutoci 250, kuma ana zuwa dubawa. Ɗakin gwajin da ke bayan tasha, mai kwamfuta goma sha biyar da yara talatin, wa ke duba shi? Ga shagunan buga takardu da hoton fasfo da cike fom. Ga masu cajin waya da allunansu masu baki hamsin. Ga kuma samarin mainin, waɗanda tun zamanin Notcoin da Hamster Kombat a 2024 suka koyi jera wayoyi shida, bakwai, goma a kan katifa, kowacce da igiyarta, su kwana suna ci. Duk garke ne, kuma duk mashaya ɗaya ake kai su.

Bari mu yi lissafi, don a nan gaskiyar take, kuma bai fi ƙarfin wanda ya iya lissafin buhun masara a kasuwar Tudun Wada ba. Wutar da ake kawo mana gida ya kamata ta zo a bolt 230. Soket mai ƙafa uku irin wanda muke amfani da shi an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13, wato abin da ya kusa wat 3,000 in komai na gaske ne. Tsohuwar kwamfutar tebur da allonta ka ƙaddara mata wat 200. Guda goma sha biyu sun ci 2,400, sun haura amfiya 10. To ga injin fotokwafi a kusurwa, wanda duk sanda zai gasa tawada a takarda yakan zuƙi abin da ya kai wat 1,000 ko fiye. Ga na'urar lailaye takarda da roba, ga fanka biyu. Kafin ka ce kwabo an tsallake 13, kuma duk ta maƙogwaron soket ɗaya suke sha. Wannan fa idan jonar ta gaske ce. Wadda ake sayarwa a kan baro, ko da an buga mata 13 a baya, in ka yanka wayarta za ka ga silin da bai fi na wayar rediyo kauri ba.

Akwai abin da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma ya fi shafar mu mutanen ƙarshen layi. A garuruwanmu sau nawa wuta ke zuwa cikakkiya? Kowa ya san wutar da ƙwan fitila ke yin ja kamar garwashi, fanka na juyawa kamar mai jin barci. Mutane suna ɗauka raunanniyar wuta ba ta da haɗari, tunda ba ta da ƙarfi. Ga kwamfuta abin akasin haka ne. Akwatin wutar da ke cikinta an ƙera shi ne ya ba ta abin da take buƙata ko ta halin ƙaƙa, don haka in bolt ya sauka sai ya ƙara yawan abin da yake ja. Kwamfutocin nan goma sha biyu da ke jan amfiya 10 a bolt 230, in wuta ta faɗo 170 za su ja 14. Su ba za su nuna maka komai ba, allo na haske, yara na ta danne-danne. Wayar ce ke dahuwa a ɓoye. Zafin waya kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da abin da ke bi ta cikinta: in abin ya ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Ka haɗa wannan da zafin bazara a ɗakin kwano marar silin, da ƙurar hunturu da ta toshe fankokin injin, da jonar da aka naɗe aka tura ƙarƙashin ledar ɗaki don kada yara su yi tuntuɓe.

A ranar da na ga garken nan, na sa ɗan yayata ya kawo wuƙa. Muka yanki guntun wayar da mai haɗin ya ja masa, muka feɗe robar. Silin ja ne, kyakkyawa, kamar na jan ƙarfe. Na ce ya kankare shi da bakin wuƙar. Jan ya tafi, fari ya bayyana. Alminiyon ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Muka kunna ashana muka kara masa, silin ya lanƙwashe ya zube kamar gashi, alhali jan ƙarfe na gaske sai dai ya yi ja ya tsaya a yadda yake. Yaron ya yi shiru yana juya guntun a hannu. Kuɗin waya mai kyau aka karɓa a hannun uwarsa.

Alminiyon bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ba, kuma a wurin ɗauri yake cin amana. Yana saki a ƙarƙashin noti, ya yi tsatsar da ba a gani, mahaɗar ta fara zafi, zafin ya ƙara sassauta ta. Sau da yawa gobarar lantarki ba a tsakiyar waya take farawa ba, a mahaɗa take farawa, inda aka murɗa sili biyu da hannu aka naɗe da baƙin salatif, ko ma da ledar burodi. Wanda ya shigo da irin wannan waya, da wanda ya sayar da ita a matsayin ta gaske, da mai haɗin da ya sani ya saye ta don ragowar kuɗin ta shiga aljihunsa, su ukun ha'inci suka yi. Ba wani suna da za a sa masa. Mai tauye mudu hatsi yake rage maka. Wannan kuwa wuta ya binne maka a bango ya tafi.

Sai fis. Allah Ya jiƙan fis a ƙasar nan. An sa shi ne ya mutu a madadinka: in abin da ke wucewa ya fi ƙima, ya tsinke, wuta ta yanke, ka tashi ka binciki dalili. Mu kuwa in ya tsinke sau biyu sai mu ce ya cika fitina. A naɗa masa silin waya, ko takardar sigari mai ƙyalli, ko a soka ƙusa. In bireka ce ke faɗuwa, a kira mai haɗi ya cire ta amfiya 20 ya sa ta 63, a ce ya gyara. Bai gyara komai ba, maigadi ya kora don yana yawan ihun ɓarawo. Bireka wayar da ke bayanta take karewa, don haka da kaurin wayar ake auna ta. Wayar soket a ƙa'ida mai murabba'in milimita 2.5 ce, ta fitila 1.5. Wanda ya ɗora bireka mai 63 a kan siririyar waya ya mayar da wayar kanta fis, kuma ita in za ta tsinke da harshen wuta take tsinkewa.

Masu ƙananan allunan nan irin su Raspberry Pi, waɗanda ɗalibai suka fi so don ba su da cin wuta, kada su ce wannan bai shafe su ba. Gaskiya ne bolt 5 ba ya kisa in ka taɓa. Amma kowane allo na ƙarni na huɗu yana iya neman amfiya 3, guda goma sun nemi 30. Abin da ake yi shi ne a ciro akwatin wutar tsohuwar kwamfuta, a yanke kawunan wayoyinsa, a rarraba wa allunan da siraran wayoyi, ba fis ko ɗaya a tsakani. Ranar da waya ɗaya ta goge ta haɗu da 'yar'uwarta, duk ƙarfin akwatin ta cikinta zai bi, ta yi ja kamar wayar hita tun akwatin bai farga ya kashe kansa ba. Kowane allo a ba shi ɗan fis ɗinsa daidai cikinsa, kuɗinsu duka bai kai na katin waya ba. Kada a haɗa bakin akwatin wuta biyu wuri ɗaya don a ƙara ƙarfi, ba a yi su don haka ba, ɗaya zai dinga tura wa ɗaya. Kuma wanda bai sani ba kada ya buɗe cikin akwatin da sunan gyara, akwai tulunan da ke riƙe wuta mai kisa bayan an zare filogi.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro, wato ɗakin batir. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 janareto ya zama na masu hali, kowa ya koma sola. Alheri ne, rana ce Allah Ya hore mana ba da awo ba. Amma sola ta zo da nata sababbin injiniyoyin, waɗanda jiya suke riƙe wa wani tsani, yau sun buga kati. Abin da yawancinsu ba su gane ba shi ne ɓangaren batir ya fi ɓangaren soket neman kaurin waya nesa ba kusa ba. Kayan da ke cin wat 1,200 a bolt 230 amfiya 5 da ɗoriya kawai suke ja. Wannan wat 1,200 ɗin, in daga batir mai bolt 12 inbata za ta zuƙo shi, amfiya 100 ne, ban da abin da ita kanta take ɓatarwa. Amfiya ɗari! Wannan aikin waya ce mai kaurin yatsa, gajeriya, da kai na gaske da aka matse da noti. Na sha ganin an yi shi da ragowar wayar soket an ninka biyu, an maƙala da kilif irin na cajin batirin mota. Da an jera baturan sun ba da bolt 24 da abin ya sauko 50, a 48 kuma 25, amma wannan sai wanda ya zauna ya koya. Kuma sau nawa ka ga fis a kan wayar da ta fito daga kan batir? Batir ba ya da makunni. In sifana ta faɗa tsakanin kawunansa biyu, ba wanda zai ɗauke wuta daga tasha ya cece ka.

Batirin ruwa in yana caji iska yake fitarwa wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Mu kuwa a ina muke ajiye shi? A ƙuryar shago, a cikin akwatin katako da aka rufe da kwaɗo saboda ɓarayi, inbata na zaune a kansa. Na litiyom kuma nasa salon daban ne. Mai kyau, mai allon da ke tsare cajinsa, yana da aminci. Amma kasuwa ta cika da waɗanda aka harhaɗa daga ƙwayoyin matattun baturan laftof, aka naɗe da sabuwar leda aka manna takarda. Ƙwaya ɗaya in ta yi zafi ta kama, ita ke kunna maƙwabciyarta, wannan ta kunna ta gaba, kuma wutar ba ta jin a rufe ta da bargo. Batirin wayar da ya kumbura har ya ɗaga murfi, shi ma ɗan gidan ne. Saurayin da ke kwana da wayoyi goma a kan katifar soso, da cajar ɗari biyar-biyar, ya san da wa yake kwana?

Ko wayar da ta sauko daga faifan sola a kan rufi ba a bar ta ba. Wutar NEPA tana kai da komo ne, tana ratsa sifiri sau ɗari a daƙiƙa, shi ya sa tartsatsinta ke saurin mutuwa. Ta sola miƙe take, in ta kama tartsatsi a sakakkiyar mahaɗa sai ta riƙe shi kamar na mai walda. Birekarta daban ce. Wanda ya sa mata irin ta gida don ta fi araha, ranar da ake buƙatar ta yanke ita ce za ta fara ci.

Na janareto ba zan daɗe a kai ba, don an faɗa an gaji. Waya mai filogi a kai biyu, a soka ɗaya a inji ɗaya a bango, ba tare da makunnin sauya layi ba: wutarka za ta bi layi ta fita waje, ta haye taransifoma, ta sami ma'aikacin da ke kan turke yana ganin an kashe layi. In kuma aka dawo da wuta injin na aiki, kai ne za ka ji a jikinka. Da masu shigar da inji cikin shago ko soro saboda ruwa ko ɓarawo: hayaƙinsa ba ya tada mai barci.

Na san amsar da za a ba ni, don an ba ni ita a gaban idona. Za a ce, Malam, kana magana kamar wanda ke zaune a inda wuta ba ta ɗaukewa. Ina wutar take balle a yi mata ƙa'ida? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ni ma ina da shi. Madatsar Tiga a ƙasar Bebeji take, tun zamanin Audu Baƙo aka gina ta, aka gama a 1974. An kafa mata tashar lantarki mai megawat 10, amma lissafin da aka yi da wutar na matatar ruwan Tamburawa ne da fitilun titin birni. Mutumin da ke jin ƙarar ruwan daga gonarsa yana kwana a duhu. Tun Nuwamban 2013 da aka miƙa rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ga KEDCO muke jiran canjin da aka yi mana alkawari. A Oktoban 2024 Arewa ta yi fiye da mako guda ba wuta bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta, masu caji suka ninka kuɗi, masu ƙanƙara suka tafka asara. Duk na yarda. Amma wanne daga cikin waɗannan ya hana ka sa fis na naira ɗari biyu? Rashin tabbas ɗin wutar ma shi ne babban dalilin da ya sa namu haɗin ya kamata ya fi na kowa tsauri. Wutar da ke tafiya ta dawo ba sallama, kwamfutoci ashirin su zabura su ja lokaci ɗaya. Wutar da in wayar nutural ta tsinke a taransifoma sai gida ya samu abin da ya doshi bolt 400, duk abin da ke jone ya tashi aiki. Ga tsawar damina a ƙasar duwatsu irin ta Doguwa, ga faifan ƙarfe a kan rufi, ga gida ba wayar ƙasa, wadda masu aikin ke ce wa atin. Wanda ke tafiya a hanyar Falgore da dare shi ya fi kowa duba tayarsa.

Amsa ta biyu ita ce ta fi ciwo: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, ba mai jayayya. Amma ban taɓa ganin wanda ya bar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya ce in an ƙaddara sata za a yi ba. Kwaɗo uku muke sawa. Ga ɓarawo muna ɗaukar mataki, ga wuta sai mu tuna da ƙaddara, saboda matakin wuta kuɗi yake ci kuma ba a ganinsa. Mutum zai kashe miliyoyi a kan kwamfutoci da fenti da allon suna mai walƙiya, in aka zo kan waya sai ya ce a nemo ta daidai talaka. Wannan ganganci ne aka sa masa rawani.

Kano ba ta buƙatar a ba ta labarin gobara. A farkon 2016 kasuwar Singa ta ci, ba a rufa wata biyu ba ta Sabon Gari ta bi, dubban shaguna suka zama toka. Ranar Babbar Sallar 2025 kasuwar waya ta Farm Center ta kama, mutane na cikin hidimar layya dukiyarsu na ƙonewa. A cikin birni ke nan, inda motocin 'yan kwana-kwana ke kusa. Kai da ke Kiru ko Daɗin Kowa ko Burji, ka taɓa zama ka lissafa daga ina motar za ta taso, kuma minti nawa rufin katako da silin roba ke ɗauka?

A kasuwa dukiya ce ke tafiya, ana kuka a sake nema. Ɗakin gwajin jarabawa kuwa 'ya'yan mutane ne a ciki. Na shiga wani a ɗaya daga cikin garuruwan nan, ba zan faɗi wanne ba. Ƙofa ɗaya ce, kuma ciki take buɗewa. Tagogi biyu duk da ƙarfe. Benci huɗu, 'yan mata da hijabai har ƙasa, wayoyi na bi ta ƙarƙashin ƙafafunsu. Baturan da inbata suna ina? A bakin ƙofar, don nan ne kusa da inda wayar sola ta shigo. Wato inda wutar za ta fara nan ne kaɗai mafita. Na yi wa mai wurin magana, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, shekararmu biyu a nan." Iyayen da suka biya kuɗin nan amanar 'ya'yansu suka ba shi, ba su san akwai lissafin amfiya a duniya ba. Shi ya kamata ya sani, ko ya biya wanda ya sani.

Kuma akwai waɗanda suka sani. Dokar 2015 ta kafa hukumar NEMSA, aikinta duba haɗin lantarki da ba masu haɗi takardar shaidar ƙwarewa. Hukumar SON ita ke da alhakin ingancin waya da soket da ke kasuwa. Kafin ka ba mutum aikin ɗakin da zai ɗauki kwamfuta goma, ka tambaye shi takardarsa. In ya fusata, ka samu amsa. Ka sa shi ya rubuta maka jimillar wat ɗin kayanka a takarda, ya nuna maka layi nawa zai raba su, kowane layi da birekarsa, ya kuma sa na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta fara bi ta jikin mutum. Ka je da kanka ka sayi wayar, ka kankare ta a gaban mai shagon. Shugabannin ƙananan hukumominmu, da hakimai da dagatai, ba sai sun jira Abuja ba kafin su ce duk ɗakin da ke tara yara a gaban kwamfuta sai yana da ƙofa biyu masu buɗewa waje, da tukunyar kashe gobara ta gari ko ta iska, da bokitin yashi, kuma batir a wani ɗaki daban mai shan iska. Limamai su ma su taɓa batun a huɗuba, don maganar ha'inci da amana ce, fagensu ne. A kuma gaya wa kowa, har yara: wutar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an yanke ta daga tushe.

Ɗan yayata dai mun kashe garkensa a daren. Bai ji daɗi ba, uwarsa ma ta ce na zo na tada musu hankali. Sati biyu ya yi yana tara kuɗi, ya sayar da biyu daga cikin kwamfutocin, aka ja masa layinsa shi kaɗai daga allon gida da waya ta gaske, soket huɗu a bango, katifa ta koma ɗaya ɗakin. Shida suka rage, kuma ya ce aikin bai ragu da yawa ba. Tsohon filogin yana nan a kan tagarsa, ƙafa ɗaya ta nutse cikin robar da ta narke.

Kai mai shago, kai mai ɗakin gwaji, kai ɗalibi mai garke a zaure: yau, bayan kayanka sun yi awa ɗaya suna aiki, ka durƙusa ka ɗora bayan hannunka a kan filogi da jona da jikin wayar batir. In ka ji zafin da ba za ka iya barin hannun a kai ba, ko hancinka ya jiyo ƙauri, ka sallami yaran, ka kashe komai, kada ka sake kunnawa sai wanda ya san aikin ya zo ya duba.